Abin da aka tattara kan sashen karatu na jarabawar IELTS

An yi doguwar muhawara kan yadda za a tunkari sashen karatu (Reading) na IELTS, wato jarabawar gwada ƙwarewa a Turanci, ga abin da na tsinto:

1. Kowa ya yarda lokaci ne babbar matsala: minti 60, tambayoyi 40, rubuce-rubuce uku ga masu neman shiga jami'a. Ba a ƙara lokacin kwafe amsa, saboda haka idan a takarda ake yin jarabawar, a riƙa cike takardar amsa tun ana tafiya.

2. An fi daɗewa kan tambayoyin True, False, Not Given, inda ake ba da magana a ce a gwada ta da rubutun. False na nufin rubutun ya faɗi akasin maganar, Not Given kuwa bai taɓo ta ba sam. Da yawa sun ce saninsu na waje ne ya kayar da su, suka amsa da abin da suka sani maimakon abin da ke gabansu. A ganina nan ne maki ya fi zubewa.

3. Ra'ayi ya rabu kan ta inda za a fara. Wasu sun ce tambayoyi tukuna, wasu kuma a fara leƙa rubutun sama-sama. Babu wanda ya sauka daga nasa, sai dai kowa ya gwada duka biyun da agogo.

4. Kada a bar gurbi, ba a rage maki don kuskure.

5. Idan an ce kalma biyu, uku ta ɓata amsa. Haka ma kuskuren harafi.

6. Haddace kalmomi barkatai bai samu magoya baya ba. An fi son karanta jaridun Turanci kullum da yin tsofaffin tambayoyin IELTS da ke cikin littattafan da Jami'ar Cambridge ke wallafawa.