Don Allah daga ina kalmar "kashasa" ta 'yan Brazil ta fito?

Ɗan_Makarfi: Salam 'yan uwa. Akwai giyar rake da 'yan Brazil ke kira cachaça, ana furta ta kashasa, na ji an ce wai asalin sunan ba giya yake nufi ba. Ni ɗan gidan masu rake ne shi ya sa abin ya tsaya min a rai, waye ya san tushenta?

Malama_Hajjo: Wa alaikassalam. Gaskiya ne abin da ka ji. A gidajen yin sukari na da, idan aka ɗora ruwan rake a wuta, kumfar nan mai datti da ke tasowa a tafasar farko ita ake ce wa kashasa, kai da ka san mazarƙwaila ka san kumfar da ake kwashewa. Dabbobi ake ba wa, idan ta kwana sai ta yi tsami ta zama mai bugarwa, daga baya da aka fara tace ruwan rake ana yin giya sai sunan ya koma kanta. A Sifaniyanci ma cachaza har yau tana nufin wannan kumfa.

Bash_Zinder: Wasu kuma suna cewa daga cachaço ne wato alade, wai da ita ake laushin namansa, amma ni ta Malama ta fi zauna min. Suna kuma ce mata pinga, daga pingar, ɗiga, saboda yadda take ɗigowa wajen tacewa.

Abu_Sadiq: Giya dai haram ce kowa ya sani, amma tarihin nan ya kamata mu sani domin akwai jinin mutanenmu a ciki. 'Yan Fotugal suka kai rake Brazil wajen 1530, bayi daga Afirka suka noma shi, kuma da wannan giyar ake zuwa Angola ana musayarta da mutane, can sunanta jeribita. Har tawaye aka yi a Rio de Janeiro a 1660 kan haraji da hana sayar da ita. Hausawa ma an kai su Bahia, wani yankin rake a Brazil, a 1807 an kama wasunsu suna shirin bore a Salvador, babban birnin yankin.

Ɗan_Makarfi: Allah Ya saka da alheri. Malam Abu don Allah buɗe mana wani zaren kan Hausawan Bahia ɗin nan, ina so in ji yadda suka ƙare.