Wai ta yaya bairos ɗin EBV ke kwanciya a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki, kuma me ke tada shi?

Ɗalibar_Maikro:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana ku taimaka min, jarabawa ta matso kuma akwai wajen da ya ƙi zama min a kai sam. An koya mana cewa dangin bairos ɗin harfis in sun shiga jiki shikenan sun shiga kenan, ba sa fita har mutum ya koma ga Allah, sai dai su kwanta. To na ƙarambau da na ƙurajen leɓe na gane nasu tunda a jijiya suke ɓuya, can ba mai damunsu. Amma EBV, wato bairos ɗin Epstein-Barr, wai a cikin B sel yake zama, wato cikin ƙwayoyin garkuwar jikin kansu, ta ya hakan zai yiwu? Malamin cewa ya yi kawai efijenetiks ne ya wuce abinsa. Sannan in har maganin asaikulobiya na aiki a kan harfis me ya hana a sha a gama da shi gaba ɗaya?

Malam_Lab:
Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Ki fara riƙe wannan, kwanciyar nan ba canjin rubutun DNA ɗinsa ba ce, rubutun na nan yadda yake, abin da ke canzawa shi ne wane waje ake iya karantawa wane waje aka toshe. Efijenetiks ɗin kenan.

EBV na da jin, wato sassan DNA masu ɗauke da umarnin yin furotin, sama da 80. Lokacin da yake cikin yawu DNA ɗinsa miƙaƙƙe ne kuma tsirara, ba komai a jikinsa. Yana shiga tsakiyar sel sai bakin nan biyu su haɗe ya zama zobe, baya shiga cikin kuromosom ɗin mutum, gefe yake zama. Shi kuma sel duk DNA ɗin da ya gani sai ya naɗe shi a jikin furotin da ake ce wa histon kamar yadda ake naɗe zare a kwarkwaro, inda naɗin ya yi tsauri ba a iya karanta wajen. Alama biyu za ki haddace. Ɗaya metil, wani ɗan ƙaramin sinadari da ake liƙawa a kan DNA ɗin kansa a inda harafin C ke maƙwabtaka da harafin G, ɗaya kuma metil uku a kan histon H3 a gurbi na 27, wanda enzayim ɗin EZH2 ke sawa, ki rubuta shi H3K27me3 a jarabawa. In an sa sinadarin asetil kuma a histon naɗin sassautawa yake, enzayim ɗin HDAC ke cire asetil ɗin ya sake tsukewa.

Kuma ba dare ɗaya yake yin shiru ba. Da farko yana buɗe jin wajen 9, su EBNA shida da LMP uku, ya tunzura B sel ɗin ta yi ta rabuwa, wannan shi ne mataki na III kuma a nan T sel, ƙwayoyin garkuwa masu kashe sel ɗin da ta kamu, ke ganinsa su yi ta kashe masu ɗauke da shi. Waɗanda suka tsira sai su yi ta rufewa, II, I, har 0. A cikin B sel mai ajiye tarihin cuta da ke zaune lafiya ba ta rabuwa, kusan ba furotin ɗinsa ko ɗaya da ake yi, to T sel me za ta gani? Sai ranar da sel ɗin za ta rabu ne ake yin EBNA1 shi kaɗai, aikinsa ya ɗaure zoben a jikin kuromosom don kowace ƴa ta tafi da rabonta. Shi ma EBNA1 ɗin yana da wani dogon jere na gilaisin da alanin da ke hana a yayyanka shi a nuna wa T sel yadda ya kamata. A lafiyayyen mutum cikin B sel miliyan ɗaya da wuya ki samu fiye da 50 masu ɗauke da shi, wani ma 1 ko 2 ne.

Maganar asaikulobiya kuma, maganin sai enzayim ɗin bairos ya kunna shi tukuna, kuma abin da yake tarewa injin kwafin DNA ne na bairos ɗin. A kwance duka biyun a rufe suke, injin sel ɗin mutum ne ke kwafa masa. Don haka ko buhu aka sha na kwancen ba abin da ya same shi.

Likitan_Yara:
Malam ya gama bayani, ni dai zan ƙara ne don kada ki ɗauka karatun takarda ne kawai, mu a ɗakin yara muna ganin sakamakonsa. A Afirka ma aka fara bin sawun bairos ɗin nan. Denis Burkitt likitan tiyata ne a asibitin Mulago da ke Kamfala a Yuganda, a 1958 ya wallafa bayanin wata kansa da ke kumbura muƙamuƙin yara, da ya bi taswira sai ya ga tana bin wurare masu zafi da ruwan sama, inda sauro ke da yawa. Anthony Epstein ya saurari laccarsa a Landan a 1961, ya nemi a riƙa aiko masa da samfur, a 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga bairos ɗin. Kuma sel ɗin Raji da ake amfani da su a dakunan bincike a duniya har yau a Ibadan Pulvertaft ya raine su a 1963, daga wani yaro ɗan Najeriya mai wannan cutar.

Inda ya haɗu da tambayarki, kansar Burkitt a mataki na I take, EBNA1 kaɗai ake yi, saura duk metil ya rufe, shi ya sa ƙarin ke girma a gaban garkuwar jiki ba ta ce masa uffan. Maleriyar falsifarum kuma ɓarna biyu take yi, tana raunana T sel masu gadin EBV sannan tana zuga B sel su yi ta rabuwa suna kunna wani enzayim AID mai yanka DNA, ana cikin haka sai a yi kuskure jin ɗin MYC mai tunzura rabuwar sel na kuromosom 8 ya koma kusa da na antibodi a kuromosom 14. Sel ɗin kirki da hakan ta same ta mutuwa take yi, EBV ke taimaka mata ta rayu. Abin da ke ƙona min rai shi ne kansar nan tana jin magani sosai in an zo da wuri, amma sai an gama cire haƙori da shafe-shafe ake kawo yaron.

abu_khalil22:
Subhanallah. dakta to ni kwanaki nayi gwajin jini aka rubuta EBV IgG yana nan, kenan ina dauke da abin da zai zama kansa?? kuma yarana fa muna cin abinci kwano daya

Likitan_Yara:
Kwantar da hankalinka Abu Khalil. IgG ɗin nan cewa yake ka taɓa haɗuwa da shi, kuma sama da kashi 90 cikin 100 na manyan duniya haka suke, a wajenmu ma yawanci tun ana goye ake ɗauka ta yawu ba a ma san an yi ba. Kada ka raba kwano da ƴaƴanka saboda wannan. Gidan sauro da maganin maleriya a kan lokaci sun fi maka amfani.

Ɗalibar_Maikro:
Na gode ƙwarai Malam, na gode Dakta, Allah ya ƙara ilimi. Saura guda ɗaya, in metil ya rufe shi haka ruf to ta ina yake farkawa? Ai kamar sel ɗin ta ci nasara kenan.

Malam_Lab:
Yawwa, nan ne wajen da ni ya fi burge ni. Ba ta ci nasara ba, shi ne ya ci da ita. Akwai jin ɗaya BZLF1, furotin ɗinsa Zta, shi ke fara komai. Yawancin furotin masu kunna jin in sun tarar da metil a DNA ja da baya suke, shi Zta a wurare da dama na bairos ɗin ya fi kama DNA ɗin da ke da metil. Har ta kai in EBV ya shiga sabuwar B sel baya iya haifar sababbin bairos sai bayan makonni, sai metil ɗin ya gama taruwa. Wato rufewar da sel ta yi masa ita ce kuma sharaɗin tashinsa.

Abin da ke kunna BZLF1 ɗin a jiki, mafi yawa shi ne B sel ɗin ta haɗu da cutar da aka yi ta dominta ta rikiɗe ta zama filasma sel mai zubo antibodi, a nan XBP1 da BLIMP1 ke tashi su taɓa makunnin. Bairos ɗin ya gane gidan ya kusa ƙarewa sai ya kwafi kansa ya fita ta maƙogwaro zuwa yawu. A lab kuma sodiyam butiret muke zubawa, yana toshe HDAC, histon su cika da asetil, ko a haɗa da sinadarin TPA.

Kuma ba shi kaɗai ba, in an tambaye ki misali na biyu ki kawo CMV, shi ma ɗan dangin harfis ne, yana kwance a sel ɗin ɓargo masu alamar CD34 da fararen ƙwayoyin jini na monosait, babban makunninsa a danne, sai monosait ɗin ta girma ta zama makurofaj ko dendiritik sel ya buɗe, shi ya sa ake tsoronsa bayan dashen ƙoda. Na uku KSHV da Yuan Chang da Patrick Moore suka gano a 1994, mai jawo kansar Kaposi ga masu ƙanjamau, furotin ɗinsa LANA ke masa aikin EBNA1, wani furotin ɗinsa RTA ke tada shi.

Famasis_Zariya:
Malam in haka ne ai sai a tada shi da gangan a bi shi da magani, ko? Na san an gwada haɗa masu toshe HDAC da gansaikulobiya, ɗan'uwan asaikulobiya, ga masu kansar limfoma ta EBV, a tada bairos ɗin enzayim ɗinsa ya kunna maganin ya kashe sel ɗin kansar da kansa. Amma ni ina da ja a kai, ba duka sel ke farkawa ba ko a kwanon lab, wasu ko gezau, kuma masu toshe HDAC ɗin ba su san jin ɗin bairos da na mutum ba, duka suke sassautawa. Ga mai kansa da magani ya ƙi ci ana iya gwadawa, amma lafiyayye da ke zaune da abinsa shekara 40 ba ciwon kai ban ga dalilin taɓa shi ba. Ɗaliba in tambayar magani ta fito ki rubuta wannan ɗin ma, malamai na son a kawo matsalar ba dabarar kaɗai ba.