Ƙanwata na karatun likita, wane irin tallafi ne zai fi mata amfani?

Yayan Ummi:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ƙanne ko ƴaƴa a karatun likita ku ban shawara. Ƙanwata tana aji 3 a Jami'ar Bayero (BUK), in Allah ya sa ta haye jarrabawar nan da suke ce wa 2nd MB za ta koma asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Baba ya yi ritaya ni nake ta fama da rajistarta, to yanzu kawunmu ya ce zai sa hannu amma yana tambaya ya riƙa biyan rajista duk shekara ne ya huta ko ya riƙa ba ta wani abu duk wata. Ni dai na fi son ya ɗauke min rajistar wlh, amma ita ta yi shiru ta ƙi cewa komai.

Likitan Shika:
Wa alaikumus salam. Yaya, shirun nan nata magana ce. Ni a Zariya na yi, kuma abin da mutanen gida ba sa ganewa shi ne rajista sau ɗaya ake biya a shekara kowa ya gani ya sa albarka, amma abin da ke karya ɗalibi ƴan ƙananan nan ne na kullum. Da ta shiga aji 4 karatu ya tashi daga aji ya koma gefen gadon mara lafiya, za ta sayi abin sauraren ƙirji da farar riga da abin awon jini, ga data ga fotokofi ga kuɗin adaidaita, wata rana tana ɗakin haihuwa har dare ana jiran mai naƙuda don ta samu a sa mata hannu a littafinta, in ba ta da na abinci a jaka haka za ta wuni tsaye da yunwa. Kuma su ba hutun kirki gare su ba balle ta ce za ta yi ɗinki ko saye da sayarwa ta rufa wa kanta asiri. A ajinmu akwai wanda yake koyar da lesin da yamma don ya samu na abinci, yaro mai ƙwaƙwalwa, sai da ya maimaita shekara. Kawu ya ba ta na wata, ko kaɗan ne, in dai ranar ba ta saɓawa.

Maman Hanif:
Ta nemi NELFUND mana, bashin karatun nan na gwamnatin tarayya. Tun 2024 aka buɗe, su suke biya wa ɗalibi kuɗin makaranta kai tsaye zuwa asusun jami'a sannan su ba shi dubu 20 duk wata, babu kuɗin ruwa, sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Ka ga in sun ɗauke rajista kai ka huta, na kawu ya tafi a na wata. Dubu 20 kam ba ta kai ko'ina a tsadar nan amma ta rage wani abu.

Ɗan Fagge:
Bashi dai bashi ne hajiya, a bar ɗora wa yarinya nauyi tun ba ta fara aiki ba.

Likitan Shika:
Malam ai ba a matsa mata yanzu ba, kashi 10 ake cira a albashi in lokacin ya yi, kuma kafin nan ta yi shekararta ta sanin makamar aiki wadda ake biyanta. Wanda ya kamata ku natsu ku karanta shi ne tallafin jiha. Wasu jihohin suna sa ɗaliban likita a alawus in sun kai matakin asibiti, da sharaɗin in ka gama ka yi musu aiki na wasu shekaru, yana taimako sosai ba ƙarya, amma ta duba shekara nawa ne kuma ina za a iya tura ta, musamman ita mace da maganar aure za ta iya tasowa. Sannan ku faɗa wa kawu gaskiya shekara 6 ɗin nan a takarda take, yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ASUU na 2022 kaɗai wata 8 ya ci, kar ya yi lissafin shekara 3 ta rage ya zo ya gaji a hanya.

Yayan Ummi:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Zan kira ta anjima ta rubuto min abin da take kashewa a wata kafin na je wajen kawu ranar Juma'a. Maman Hanif wane takardu ake nema wajen cike NELFUND ɗin?

Maman Hanif:
NIN da BVN da lambar JAMB da lambarta ta makaranta, sai takardar shaidar samun gurbi. Ta tabbata dai sunanta iri ɗaya ne a dukkansu.