Fitilar ABS ta ƙi mutuwa a Sienna ɗina, ga tafiyar Ngaundere a gaba

Salamu alaikum 'yan uwa. Daga Garwa nake, ina da Toyota Sienna ƙirar 2006, wadda nake ɗaukar iyali a ciki. Tun bayan ruwan makon jiya da na ratsa wani kududdufi a hanyar Figil, fitilar ABS (na'urar da ke hana tayoyi ƙamewa in an taka birki da ƙarfi) mai ruwan ɗorawa take kamawa. Da safe in na tayar da mota lafiya lau, sai na faɗa rami ko na karya sitiyari sosai ta fito, ta VSC (na'urar hana mota zamewa) ta biyo ta. Jiya kuma jar fitilar birkin nan mai alamar motsin rai ta yi ta ƙyaftawa a kwana. Birki dai yana ci. Bakanike ɗaya ya ce famfon ABS ɗin ne ya mutu, in kawo jaka ɗari da hamsin. Wani ya ce in ba shi jaka biyu ya cire ƙwan fitilar in huta. Ranar Asabar za mu kai amarya Ngaundere, mu takwas. Ku ba ni shawara don Allah.

Kawu Direba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, mai cewa a cire ƙwai, kada ka sake kai masa ko keke. Kuma ka raba fitilun nan biyu, ba maganarsu ɗaya ba. In ta ABS ce kaɗai, birkinka na nan, sai dai in ka taka da ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta tayoyi za su ƙame, motar ta ja ka, sitiyari ya daina jin magana. Ja kuwa ba a wasa da ita. Ko hambirki bai sauka duka ba, ko man birki ya yi ƙasa. Tunda a kwana take ƙyaftawa, man ne ke tangaɗi a cikin robarsa. Buɗe bonet yanzu ka duba ko ya sauka kusa da layin ƙasa na robar, mai rubutun MIN. Ka san gangaren Falez kafin Ngaundere. Dawowa da mutum takwas a wannan gangare da jar fitila, ni ba zan yi ba.

Mai wayarin na Yelwa:
Alhaji, kada ka biya kuɗin famfo tukuna. Famfon da ya mutu ba ya jiran sai an faɗa rami. Abin da ka faɗa ya fi kama da waya. Kowace ƙafa tana da sensa da ke ƙirga juyawar taya, a gaba tana karanta wasu haƙora da ke jikin shaf. In laka da tsatsa sun toshe ta, ko wayarta ta goge, kwamfutar motar sai ta ga ƙafa uku na gudu ɗaya ta yi shiru, ta kashe ABS ɗin, ta kunna maka fitila. VSC da waɗannan sensa take aiki, shi ya sa ta biyo.

A sa mata kwamfuta, amma ka tambaya ko tana shiga ɓangaren birki, don ƙananan nan masu araha inji kaɗai suke karantawa. A Toyota, cikin lambobin matsala da kwamfutar ke nunawa, C0200 ƙafar gaba ta dama ce, C0205 gaba ta hagu, C0210 da C0215 na baya. In C1241 ta fito, wuta ce ta yi rauni, ka duba batir da altaneta da kawunan batir. In babu kwamfuta, mu kan haɗa rami na 4 da na 13 a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, fitilar ta yi ta ƙyaftawa muna ƙirgawa: 31, 32, 33, 34, kowace lamba da ƙafarta. Amma kada ka gwada da kanka, rami na 16 wutar batir ce tsagwaronta.

Tambaya ɗaya: an taɓa ƙafafun gaba kwanan nan?

Mai tambaya:
Ƙwarai, an canja shakazoba biyu na gaba kafin damina ta faɗi.

Mai wayarin na Yelwa:
To ga inda za ka fara. Sau da yawa yara kan manta su mayar da wayar cikin maƙalinta, sai ta riƙa lilo tana gogar taya.

Hajiya daga Marwa:
Ni dai tawa gargaɗi ce ga masu sayen ta hannu. Da ka murɗa makulli, fitilar ABS ya kamata ta kama na ɗan daƙiƙoƙi ta mutu. Tawa ba ta taɓa kamawa ba, ina ta murna, ashe baƙin salatif aka manna mata ta ciki tun kafin ta iso hannuna. Sai ranar da akuya ta gitta mini na gane.

Wani daga Njamena:
Mu nan a kan rairayi ABS ɗin ma ƙara nisan tsayawa yake yi. A cire fis kawai.

Kawu Direba:
A kan yashi da tsakuwa gaskiyarka, malam. Amma hanyarsa kwalta ce, kuma ana ruwa. Ɗana, in man ya yi ƙasa kada ka cika kawai ka wuce. Man birki ba ya ƙarewa da tafiya kamar fetur: ko plaket, wato takalman birki, sun cinye, ko yana yoyo. Leƙa bayan kowace taya ka ga ko akwai danshi. In za ka ƙara, DOT 3 ne, yana rubuce a murfin, kuma daga sabuwar gora, don buɗaɗɗiya tana shan ruwa daga iska.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Mun ƙirga, 32 ta ba mu. Da aka cire tayar hagu, ga wayar nan ta fita daga maƙali, robar ta goge har jan ƙarfe ya bayyana, laka ta bushe a kai. An sa wata sensa ta hannu, na zagaya har gadar Binuwai na dawo, fitila ba ta fito ba. Man kuma yana daf da MIN, plaket na gaba saura ƙiris su kai ƙarfe, babu yoyo. Gobe da safe za a canja su. Kawu, a juye tsohon man duka ko a ƙara kawai? Ya yi baƙi kamar shayin da ya kwana.

Kawu Direba:
A juye, a fitar da iska ƙafa huɗu. Ka tsaya a kansu har su gama.