Tsayawa duba ƙamus a tsakiyar karatu: yana taimako ko yana kawo cikas?

Ɗalibi daga Zariya:
Assalamu alaikum malamai. Na fara karanta rubutattun waƙoƙin ƙarni na 19, amma kusan kowane baiti sai na ci karo da kalmar da ban sani ba. Idan na tsaya na buɗe ƙamus, kafin in dawo ma'anar baitin ta kuɓuce mini. Idan kuma na wuce, sai in ji kamar ina cin tuwo ba miya. Wace hanya ta fi dacewa?

Malamar Hausa a Katsina:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka tsaya a tsakiyar baiti. Ka ja layi da fensir a ƙarƙashin kalmar, ka kai ƙarshen waƙar, sannan ka koma, domin rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, kuma jimla ce kaɗai za ta gaya maka ko "gari" na mutane ake nufi ko na tuwo. Ka kuma lura da ƙugiya, saboda wanda ya nemi "kasa" alhali "ƙasa" marubucin yake nufi zai dawo da ma'anar da ba ta shafi zancen ba.

Tsohon ma'aikacin ɗab'i:
Malama ta yi gaskiya a kan ƙagaggun labarai, amma a kan tsofaffin waƙoƙi ina da ja. Mawallafansu da yawa mutanen ƙasar Sakkwato ne, kalma ɗaya ta Sakkwatanci ko ta Larabci kuwa takan riƙe baiti gaba ɗaya, don haka wucewa ba ta da amfani. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, yana bayani da Hausa zalla, shi ya sa nake fara duba shi. Idan ban samu ba sai in koma ga na Bargery na 1934, wanda duk da tsufansa yakan nuna yankin da ake faɗin kalma. Kalmomin fiƙihu da tauhidi kuwa, gara ka kai wa malamin zaure.

Ɗalibi daga Zariya:
Na gode, Malama da Baba, Allah ya ƙara sani. Jiya na nemi "itatuwa" na rasa, ashe a ƙarƙashin "itace" take.