Waye kuma kwantenarsa ta maƙale a teku?

Mai kayan mata, Nima, Accra:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu haɗa abin da kowa ya gani, ko na baya zai tsira. A 2024 na sayi abayoyi da mayafai a Dubai tun kafin azumi, da niyyar kasuwar ƙaramar Sallah. Mu huɗu muka haɗa kwantena ɗaya. Azumi ya zo ya wuce, kullum ejanmu sai ya ce jirgi na hanya. Kaya ba su sauka tashar jiragen ruwa ta Tema, a nan Ghana, ba sai bayan Sallah. Ranar jajibere ina zaune a shago, kantocin sama fayau, mata na leƙowa suna wucewa. Wallahi na yi kuka, don rabin jarin kuɗin adashi ne.

Ejan fitar da kaya, Tema:
Hajiya, Allah Ya mayar da alheri. Abin da ya same ki daga Bahar Maliya ya taso. Tun Nuwamba 2023 'yan Huthi na Yaman suka fara kai wa jirage hari, manyan kamfanoni suka bar mashigin Suwez suka koma zagayowa ta ƙasan Afirka ta Kudu. Zagayen kan ƙara kwana goma zuwa sati biyu. Kuma sau da yawa jirgin da ya ɗauko kayanki ba shi ke kawo su Tema ba: ana sauke kwantena a wata tasha, kamar Tanja ta Maroko ko Lome, ta jira wani jirgin. In ta rasa shi, wani satin ya tafi.

Mai sifiya fas, Suame, Kumasi:
Malam, to ni daga Gwanzu ta ƙasar Sin nake lodi, jirginmu dama ta ƙasan Afirka yake biyowa, amma ban tsira ba. Kwantenar da za a zuba kayan ma sai da na jira, kuɗin dako kuma ya hau. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayan isowa. Takardar jirgi ta asali, wadda da ita ake karɓar kaya, ta makara a hannun mai turo kayan, kwanakin kyauta da ake bayarwa don fitar da kwantena suka ƙare, kuɗin jinkiri ya fara hawa kullum. Kwantena na Tema ina Kumasi, makanikai na zuwa neman shokozoba ina ba su haƙuri, har suka koma shagon maƙwabcina. Shi ya sa duk lokacin da na wuce Boankra nake tsayar da ido a filin tashar tudun nan da aka tsara don sauke kwantenoni kusa da Kumasi.

Mai gwanjo, kasuwar Kantamanto, Accra:
Mu damina ke kashe mu. Dila in ta daɗe a kwantena, kana yanke igiya warin danshi zai buge ka, fararen riguna duk sun yi tabo.

Ejan fitar da kaya, Tema:
Alhaji na Suame, a gaba ka sa a turo takardu tun jirgi na kan ruwa, mu shigar da bayanan kwastan a ICUMS, manhajar kwastan ta Ghana, kafin ya iso. Kuma ka kauce wa lodi dab da sabuwar shekarar Sin, masana'antu kan rufe.

Mai kayan mata, Nima:
Na gode Malam. Bana tun watan Rajab kayana ke sito. Ɗaya daga cikin waɗanda muka haɗa kwantena da su ce har yanzu ba ta farfaɗo ba, ku sa ta a addu'a.