Guggubin gahawa a gindin shuka: taki ne ko guba?

Kawu Mai Lambu: Assalamu alaikum jama'a. Shekara biyu ke nan duk gahawar da aka dafa a gidana, guggubinta a gindin tumatir da bishiyar lemo nake juyewa. Ku zo ku ga ganye, kore shar. Ni dai na tsaya a kan cewa abin da ke wartsakar da mutum shi ke wartsakar da shuka. Kafeyin ɗin nan, sinadarin da ke cikin gahawa, taki ne, kuma kyauta.

Malamar Kimiyya: Wa'alaikumus salam Kawu. Allah ya ƙara wa lambu albarka, amma a yi mini afuwa, ban yarda ba. Kafeyin yana kore mana barci ne don yana toshe gurbin da wani sinadari mai suna adenosin ke maƙalewa a ƙwaƙwalwa. Tumatir ba shi da ƙwaƙwalwa, ba ya gyangyaɗi, to me za a wartsakar? Bishiyar gahawa makami ta ƙera wa kanta. Ƙwaro ya ci ganyenta ya sha wuya. Ganyen ya zubo, ruwa ya wanke kafeyin ya shiga ƙasa, irin ciyawar da ke wurin ya kasa tsirowa. Kai, ko 'ya'yanta da suka faɗo gindinta ba ta ƙyale ba.

Auta: Kawu, ni ganau ne ba jiyau ba. Bara na shuka wake a tukwane biyu, rana ɗaya, ƙasa ɗaya. Ɗaya na lafta mata guggubi kauri kamar yatsa biyu. Da ya bushe sai ya yi ɓawo, in na zuba ruwa ya tsaya a sama yana ƙyalli, sannan ya gangare ta gefe. Bayan mako guda fumfuna ta rufe shi. Waken ya fito dai, amma tsamurmuri, ganyen rawaya. Da na tumɓuke, saiwar guntuwa ce ta murɗe. Waken ɗaya tukunyar kuwa har ya fara neman sandar hawa.

Kawu Mai Lambu: Kai Auta ai cika hannu ka yi. Ko zuma in ta yi yawa gundura take. Ni barbaɗawa nake yi.

Malamar Kimiyya: Kawu, an gwada barbaɗawar ma. A 2016 masu bincike a Jami'ar Melbon ta Ostareliya sun gauraya guggubin gahawa kai tsaye da ƙasa iri-iri, suka shuka abubuwa biyar. Duka biyar ɗin girmansu ya ragu, har a inda aka sa kaɗan. Abin kirkin da suka gani shi ne ƙasar ta fi riƙe ruwa, ciyawa kuma ta ragu. To amma abin da ya danne ciyawar ai shi ya danne shukar. Saiwar da Auta ya gani kuwa akwai dalili. Bakin saiwa can ƙarshe, nan ne ƙwayoyin halitta ke rabuwa biyu-biyu, da haka take tsawo. Kafeyin yana hana a gina bangon da zai raba ƙwayar biyu, sai aikin ya tsaya a rabi. An daɗe ana ganin haka da madubin kimiyya a saiwar albasa.

Yaya Babba: Ku bari in shiga tsakani, don Kawu bai faɗi ƙasa warwas ba. Guggubin yana da naitirojin, ɗaya daga cikin sinadaran taki, wajen kashi 2 cikin 100, kuma ba wanda zai ce shuka ba ta son wannan. Matsalar ita ce a ɗaure yake. Sai ƙananan halittun ƙasa sun ruɓar da shi tukuna, kuma yayin da suke wannan aiki har naitirojin ɗin da ke ƙasar suke ara, shuka ta zauna da yunwa. Ni a ramin taki nake zuba shi da busasshen ganye da bawon kayan miya, ba na bari ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na tulin. Bayan wasu watanni in ka tona, baƙi ƙirin, laushi, tana na ta wutsil-wutsil a ciki. A lokacin ƙananan halittun sun cinye yawancin kafeyin ɗin da sauran abin da ke cutarwa.

Anti Mai Furanni: Ni kuma cewa aka yi guggubin yana ƙara wa ƙasa tsami, don furannin da ke son haka. Kuma tun da nake zagaye tukwanena da shi dodon koɗi ya ragu.

Yaya Babba: Anti, tsamin ya bi ruwan da kika sha. Guggubin da ya rage kusan tsaka-tsaki yake.

Malamar Kimiyya: Maganar dodon koɗi tana da tushe, Anti. A 2002 an nuna a Hawai ta Amurka cewa ruwan da ke da kafeyin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 yana kashe su. Sai dai wannan ya ninka ƙarfin gahawar da muke sha fiye da sau goma, balle guggubin da an riga an tatse. Amma bari in ba Kawu abu ɗaya da zai ji daɗinsa. Furen gahawa da furen lemo suna sa ɗan kafeyin kaɗan a ruwan zaƙinsu. A 2013 binciken Jami'ar Niyukasil ta Ingila ya nuna ƙudan zumar da suka sha sun fi tuna ƙamshin furen, sai su yi ta komowa.

Kawu Mai Lambu: Yauwa 'yata! Kin ga ke nan kin dawo hanya. Lemo da kafeyin ai 'yan gida ɗaya ne.

Malamar Kimiyya: A fure, Kawu, ba a saiwa ba. Kuma ƙudan zuma aka wartsakar, ba bishiyar ba. Lemonka babba ne, saiwarsa ta yi nisa, cokali biyu na guggubi ba zai girgiza shi ba. Ka gwada a kan irin da bai tsiro ba mu gani.

Auta: Tsaya ma tukuna. Kawu, ba kai ne ka ce mana duk farkon damina kana zuba kashin kaji buhu guda a lambun nan ba?

Kawu Mai Lambu: Ina ruwan kashin kaji a wannan magana? Kai yaron nan ka cika tone-tone. To shi ke nan, gobe zan shuka tumatir a gwangwani huɗu, biyu da guggubi biyu babu, kuma ba kashin kaji. Nan da mako uku ku jira hoto.

Yaya Babba: Ka sa shida, Kawu. Biyu da takin ramina, zan aiko Auta da shi.